Makaɗan Titin Jasna: Yadda Okestrar Warso Ta Samu Shiga Zaurukan Duniya

Ranar 5 ga Nuwamba 1901 aka buɗe wani katafaren zauren kiɗa a titin Jasna, tsakiyar birnin Warso. A lokacin Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba tukuna. Ita kanta Polan ba ta cikin taswira: tun 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka yanyanka ta suka raba, daga 1815 kuma Warso ta faɗa hannun Sarkin Rasha, makaranta da kotu da ofis duk cikin Rashanci ake yi. Saboda haka ba gwamnati ce ta gina zauren ba. Attajirai da masu banki da 'ya'yan sarauta ne suka kafa kamfanin hannun jari, Karol Kozlowski ya zana ginin, aka ɗauki makaɗa aiki da albashi. A daren buɗewa Emil Mlynarski ne ya ja ragama, Ignacy Jan Paderewski ya zauna a fiyano, mutumin da a 1919 ya zama firaminista bayan ƙasar ta dawo da 'yancinta. Duk abin da aka kaɗa a daren na 'yan ƙasa ne. Mai mulkin mallaka yana iya rufe jarida, amma da wuya ya kama sautin goge da laifin tawaye.

Wannan ƙungiya ce yau ake kira Filharmonia Narodowa, okestrar ƙasa ta Polan, a Warson nan da jami'arta ke koyar da Hausa, inda irin su Farfesa Nina Pawlak suka yi suna. Ba ta fi okestrar Balin ko ta Biyana iya kiɗan Jamusawa ba, kuma ba da shi ta yi fice ba. Abin da ya buɗe mata ƙofofi shi ne tana da hajar gida wadda babu mai ita kamarta, tana kuma da horon da zai iya ɗaukar hajar ya kai ta ko'ina.

Yawancinmu a Zariya da kunne kawai muka san okestra. Duk ɗan situdiyo a Sabon Gari ko Samaru ya san maɓallin nan na fiyanon Yamaha mai ba da sautin goge mai kauri, wanda ake shimfiɗa wa waƙar soyayya. To, kwaikwayon mutum sittin ne. Cikakkiyar okestrar simfoni tana da makaɗa tamanin zuwa ɗari da 'yan kai, kuma masu goge ne suka fi yawa: biyolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, kwantirabas 8. Siffarsu ɗaya, girma ne ya raba su. Biyolin a kafaɗa ake ɗora shi, celo a tsakanin gwiwoyi, kwantirabas kuwa ya kai tsayin mutum. Ana goga su da baka mai izgar doki da aka shafa wa ƙaro, yadda mai gogenmu ke yi. Ana tara su da yawa ne don biyolin ɗaya ba zai iya ja da abin busa na tagulla ɗaya ba. Kaurin sautin kuma daga 'yan ƙananan bambance-bambancen hannun mutane yake fitowa, abin da na'ura ba ta gama kamawa ba har yanzu.

A bayansu akwai masu busan itace, sarewa da obo da kilarinet da basun, bibbiyu zuwa hurhuɗu. Obo dangin algaita ce, dukansu ɗan kara mai harshe biyu ne ke girgiza a baki. Sai masu busan tagulla da muka sani a badujalar soja: ƙaho huɗu, tirampet uku, tirambon uku, tuba ɗaya. A can ƙarshe masu ganguna, babbansu mai timfani, tukwanen tagulla huɗu da aka rufe da fata, ana taka feda a ɗaga amonsu ko a sauke.

Kafin a fara, shugaban masu biyolin zai miƙe, mai obo ya busa sauti guda da ake kira A, kowa ya saita kayansa a kai. A tsakiyar Turai ana ajiye shi a girgiza 442 ko 443 a daƙiƙa, a Ingila da yawancin Amurka 440. Obo aka ba wannan aiki don sautinta yana ratsa hayaniya, kuma ita ce mafi wuyar gyarawa, gara sauran su bi ta. Sai dai saitin ba ya zama. Da zaure ya cika da mutane, fitilu suka ɗau zafi, kayan busa sai su hau sama, domin sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, tsirkiya kuwa ta saki ta sauko. Kashi biyu na ƙungiyar suna rabuwa a hankali, kowa yana gyarawa da leɓe ko da yatsa yana cikin kiɗa. Okestrar da ba ta saba da juna ba, a nan asirinta ke tonuwa.

Matsala ta biyu nisa ce. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa. Daga mai timfani zuwa bakin dandamali ana iya samun mita goma sha biyar, kusan kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ke nan. A lissafi ba komai ba ne, amma kunne yana kamawa. Idan na baya ya jira sai ya ji masu goge sannan ya buga, sautinsu ya zo masa a makare, nasa ya koma gaba a makare, jinkiri ya ninka. Shi ya sa ake horar da shi ya bi sandar madugu da ido, madugu kuwa shi ne mai tsayuwa a gaba yana ba da ishara. Su ma masu goge dole bakunansu su hau tare su sauka tare, don jan baka ƙasa ya fi nauyi a farkon sauti, turawa sama kuma a ƙarshe take ƙara ƙarfi. Shugabansu ke zama da fensir ya yi wa kowane layi alama, ma'aikatan laburare su kwafe a takardar kowane teburi. Mutum biyu ke raba teburi, na ciki shi ke juya shafi don na waje kada ya tsaya. Takardun da aka yi shekaru ana yi wa irin wannan alama dukiya ne, a cikinsu salon ƙungiya ke zaune.

Daga buɗewa zuwa 1939 manyan baƙi sun yi ta sintiri a titin Jasna: Edvard Grieg, Richard Strauss, Rachmaninoff, Prokofiev, Ravel, Stravinsky. Arthur Rubinstein ya hau dandamalin tun yana saurayi. Amma abin da ya fi amfanar ƙungiyar a gaba aikin gida ne. Ranar 6 ga Fabrairu 1906 Grzegorz Fitelberg ya jagoranci taron da ya gabatar da matasan masu tsara kiɗa na ƙasar, cikinsu har da Karol Szymanowski. Konceto na farko na biyolin da Szymanowski ya rubuta, a Warso aka fara kaɗa shi ranar 1 ga Nuwamba 1922, kuma ba wani baƙo ne ya riƙe gogen gaba ba, shugaban masu biyolin na gidan ne, Jozef Oziminski. Konceto shi ne kiɗan da mutum ɗaya ke gaba, okestra na mara masa baya. A 1927 aka yi gasar fiyano ta farko ta tunawa da Chopin, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Polan, a zauren, Lev Oborin na Tarayyar Sobiyet ya cinye. A 1935 aka yi gasar biyolin ta Wieniawski, inda wata yarinya 'yar Faransa mai shekara 15, Ginette Neveu, ta kayar da David Oistrakh, gwanin biyolin na Tarayyar Sobiyet.

A Satumban 1939 jiragen Jamus suka yi wa Warso ruwan bama-bamai, zauren ya kama da wuta. Abin da ya rage aka ƙarasa shi a 1944, lokacin boren birnin na kwana 63 da rusau ɗin da sojan Hitler suka bi gida gida suna yi bayansa. Fiye da rabin makaɗan ƙungiyar ba su ga ƙarshen yaƙin ba, da yawansu Yahudawa ne. Mai obo ko mai ƙaho na gaske yana cin shekara goma zuwa sha biyar kafin ya nuna, kuma daga bakin malami yake ɗauka. Ana iya sake gini cikin shekara uku, amma wanda zai koya wa yaro yadda ake feƙe karan obo, idan ya mutu ya mutu da abinsa.

An sake haɗa ƙungiyar a kakar 1947 zuwa 1948, tana yawo a wuraren aro. Wanda ya mayar da ita okestra ta gaske shi ne Witold Rowicki, da aka naɗa a 1950. Shi kansa ɗan goge ne, kuma ya riga ya tayar da okestrar rediyo a Katowice a 1945, ya san aikin tun daga tushe. Ya tace makaɗa, ya ɗauko matasa, ya zauna da su ana bita ba ƙaƙƙautawa. A 1953 aka kafa ƙungiyar mawaƙa ta gidan. Ranar 21 ga Fabrairu 1955 aka buɗe sabon gini a filin tsohon, mai kujeru dubu da 'yan kai a babban zaure, daidai lokacin gasar Chopin ta biyar, kuma a lokacin aka ba ta matsayin okestrar ƙasa. Bohdan Wodiczko ya riƙe ta daga 1955 zuwa 1958, Rowicki ya dawo ya zauna har 1977. Gwamnatin gurguzu tana da laifuffukanta, za mu zo kansu, amma ta biya albashi, ta buɗe makarantun kiɗa kyauta tun daga firamare, kuma daga waɗannan makarantu aka cike gurbin waɗanda yaƙi ya ci.

Mafi kyawun shawarar da Rowicki ya yanke ita ce ta 1950, da ya nemi Witold Lutoslawski ya rubuta wa sabuwar ƙungiyar wani abu da zai nuna gwanintarta. Lutoslawski yana cikin matsi a lokacin, hukuma ta hana kaɗa simfoninsa na farko, wato dogon kiɗa na dukan okestra, a 1949 wai ya yi wa talaka nisa. Abin da aka yarda da shi shi ne kiɗan da aka gina a kan waƙoƙin gargajiya. Sai ya ɗauko karin waƙoƙin ƙauyukan Mazobiya, yankin da Warso take, daga tarin da Oskar Kolberg ya yi a ƙarni na 19, ya gutsuttsura su, ya yi shekara huɗu yana gini da su. Aka fara kaɗa Konceton Okestra ranar 26 ga Nuwamba 1954. Minti talatin ne, kashi uku. Yana buɗewa da timfani yana dukan sauti ɗaya ba sassauci, masu celo su shigo da karin, sai biyola su karɓa, sai biyolin, ana ɗora hawa kan hawa. Kashi na biyu gudu ne a cikin raɗa, shi ne mafi wuyar haɗawa, don kuskure ba ya ɓuya a sauti mai laushi. Na uku yana farawa da masu kwantirabas suna tsinkar tsirkiya da yatsa, a hankali har sai an kasa kunne, karin yana maimaituwa yana girma har tagulla su cika zaure. Kowane sashe na ƙungiyar an ba shi wurin da zai nuna kansa. Hukuma ta samu gargajiyarta, okestra ta samu abin da za ta shiga kowane gari da shi ba a ce aro ta yi ba. Yau manyan okestrori duk suna kaɗa shi.

Bayan mutuwar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, aka ɗan sassauta. A Oktoban 1956 Tadeusz Baird da Kazimierz Serocki suka kafa bikin Kakar Warso na sabon kiɗa, wanda ya zama kusan wuri ɗaya tilo a ƙasashen gurguzu da ake haɗa sabon aikin Gabas da na Yamma a dandamali guda. Wannan ya tilasta wa makaɗan koyon abubuwan da babu su a littafin makaranta. Krzysztof Penderecki ya rubuta wa goge 52 kiɗan da ya sadaukar ga mutanen Hiroshima, inda ake goga tsirkiya ta bayan gadarta, ana ƙwanƙwasa jikin gogen, ana auna lokaci da daƙiƙa maimakon bugu. Lutoslawski kuma a 1961 ya kawo salon da kowane makaɗi ke bin nasa layin da nasa saurin, madugu ishara biyu kawai zai bayar, ta farawa da ta tsayawa. Rowicki da mutanensa ne suka kaɗa cikakken wannan aiki a bikin na shekarar. Wanda ya fara jin irin wannan zai iya cewa hayaniyar kasuwa ce, kuma ba kowane aikin zamanin ne ya cancanci a sake ji ba. Amma ƙungiyar ta fito daga ciki da ƙwarewar da okestrori masu kuɗi ba su da ita a lokacin.

Faifai ma ya yi nasa aikin. A ƙarshen shekarun 1950 Sviatoslav Richter shi ne ɗan fiyanon da Yamma ke jin labari ba ta gani, don Mosko ba ta bar shi ya fita can ba sai 1960. Kamfanin Deutsche Grammophon na Jamus ta Yamma sai ya kwaso na'urorinsa ya zo Warso, inda Richter ke da izinin zuwa. A 1959 aka ɗauki konceto na biyu na Rachmaninoff tare da okestrar, Stanislaw Wislocki na jagora. Har yau ana sayar da faifan, kuma duk wanda ya saya don Richter ya karanta sunan Warso a bango. Daga nan gayyata ta fara zuwa, a farkon shekarun 1960 suka tsallaka Amurka, daga baya Jafan da sauran nahiyoyi. Hukumar gwamnati mai suna Pagart ce ke ƙulla cinikin, kuɗin waje mafi yawa aljihun hukuma yake shiga. Fasfo ba a hannun mutum yake zama ba, a ba shi in zai fita, ya mayar in ya dawo. Makaɗan ƙasashen gurguzu sun yi suna wajen tafiya da abincin gwangwani a akwati don su tattala ɗan guzurin dala su sayo tsirkiya mai kyau da tsarabar iyali.

Rangadin okestra aikin dako ne kafin ya zama aikin fasaha. Masu biyolin da biyola da ƙananan kayan busa suna shiga jirgi da kayansu a hannu. Celo ko a saya masa kujera, ko a sa shi a akwatin ƙarfe. Kwantirabas da timfani da haf, babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake tsinka da yatsu, da akwatunan tufafi da na takardun kiɗa suna bin jirgin kaya ko babbar mota mai na'urar daidaita zafi. Fiyano ba a ɗauka, babba na dandamali ya kusa rabin tan, na zauren da aka je ake amfani da shi. Babban abokin gaba shi ne bushewar iska. Katakon goge yana son danshi kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Hunturun Zariya yana saukar da danshi ƙasa da kashi 20, cikin jirgin sama ma haka yake, haka ɗakin da aka kunna wa na'urar ɗumama a sanyin Warso. Katako sai ya tsuke, maƙullan tsirkiya su kwance, fuskar gogen ta tsage. A cikin biyolin akwai wani ɗan sanda da ke tsaye tsakanin fuska da baya ba tare da manni ba, matsi ne kawai ke riƙe shi, idan ya goce ko ya faɗi sauti ya mutu. Da gangan maƙera goge ke amfani da mannin fata mai rauni, don in katako ya ja, gara haɗin ya buɗe a sake mannewa da a ce fuskar ta dare. Obo da kilarinet kuma, da ake sassaƙawa daga baƙin icen Tanzaniya da Mozambik, suna tsagewa idan aka hura numfashi mai ɗumi cikin bututu mai sanyi, ciki ya kumbura waje bai motsa ba. Shi ya sa za ka ga mai obo ya cusa kan abin busarsa a hammata kafin ya fara. Duk wanda ya sayo gita ko biyolin daga Legas ya kawo nan, ya ajiye shi a akwatinsa a rufe da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huhhuda, daga Nuwamba har Maris.

Sai kwastan. Ana tafiya da takardar ATA, wadda ke jera kowane kaya da lambarsa da kimarsa, don a tabbatar abin da ya shiga shi zai fita. Tsofaffin bakuna kuma da yawa suna da ɗan hauren giwa a baki ko ɓawon kunkurun teku a mariƙi, abubuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa takunkumi. A 2014 jami'an Amurka sun riƙe bakuna bakwai na wata okestrar Budafes a filin jirgin Niyok kan batun haure. Tun daga nan ƙungiyoyi da yawa suke ɗaukar hoton kowane baka su nemi takarda, ko makaɗi ya bar mai tsadar a gida ya tafi da na roba mai ƙarfi. Da an sauka kuma, sau da yawa bita ɗaya gajeriya ake samu a sabon zaure, a cikinta madugu zai gane ko bangon yana haɗiye sautin goge, ya ce wa masu tagulla su rage.

Amma babu abin da ya kai gasar Chopin nuna wa duniya fuskar wannan okestra. Galibi duk shekara biyar ake yi, kuma ita ke mara wa 'yan zagayen ƙarshe baya. Jerin waɗanda suka ci ya isa shaida: Maurizio Pollini na Italiya a 1960, Martha Argerich ta Ajantina a 1965, Garrick Ohlsson na Amurka a 1970, Krystian Zimerman ɗan gida a 1975, Dang Thai Son na Biyetnam a 1980, shekarar da Argerich ta fice daga cikin alƙalai don an cire Ivo Pogorelich. A 1990 da 1995 alƙalai suka ce babu wanda ya isa na ɗaya. Seong-Jin Cho na Koriya ta Kudu ya ci a 2015, Bruce Liu na Kanada a 2021, Eric Lu na Amurka a 2025.

Aikin okestra a nan ya fi yadda ake zato wuya. Chopin konceto biyu kawai ya rubuta, yana ɗan shekara ashirin, kafin ya bar Warso a 1830. Gaskiya rabon da ya ba okestra ba shi da yawa, sau da yawa dogon sauti take riƙewa fiyano na yawo a sama. A 2021 mutum goma sha biyu suka kai ƙarshe, huɗu kowane dare har dare uku, kuma mafi yawansu konceto ɗaya suka zaɓa, mai tsawon minti arba'in. Ga gundura, ga haɗari. Salon Chopin ya yarda mai fiyano ya ja lokaci a nan ya biya a can, kuma kowane ɗan takara da inda yake ja. Okestra a nan kamar zagi ce a gaban dokin sarki ranar hawan daushe: ba ita ke da linzami ba, amma in doki ya ɗaga ƙafa dole ta ɗaga, in ya tsaya cak dole ta tsaya ba tare da ta waiwaya ba. Bitar da ake yi da kowannensu gajeriya ce, wasu ma ba su taɓa kaɗawa da babbar okestra ba. Yaro ya yi bita a natse da safe, da dare tsoro ya sa shi gudu. Madugu yana kallon hannun hagunsa, mai basun da ke amsa wa fiyano a kashi na biyu yana sauraron numfashinsa. Idan suka makara da ƙiftawar ido, alƙalai na iya ɗora wa ɗan takara laifin da ba nasa ba.

Bayan Rowicki, Kazimierz Kord ya riƙe ƙungiyar daga 1977 zuwa 2001, ya ratsa da ita dokar soja ta 1981 da faɗuwar gurguzu a 1989, lokacin da kuɗin gwamnati ya ja baya kowa ya shiga neman na kansa. A shekarun 1990 aka samu wata kasuwa da ba a zata ba: masu tsara kiɗan finafinan zane da wasannin kwamfuta na Jafan, irin su Masamichi Amano da Yoko Kanno, suka riƙa zuwa Warso ɗaukar sauti, don ga ƙwarewa ga sauƙin farashi. Yara da yawa sun ji wannan okestra ba su san sunanta ba. Antoni Wit, daga 2002 zuwa 2013, ya haɗa kai da kamfanin Naxos mai faifai masu araha, ya ɗauki ayyukan Penderecki da Szymanowski ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga faifan Penderecki ya ci kyautar Grammy a 2013, shekarar da suka fara hawa dandamalin bikin Proms na BBC a Landan, da konceton nan na Lutoslawski a cikin kayansu. Grammy ta biyu ta zo a 2017, a kan faifan da Penderecki ya jagoranta da kansa tare da mawaƙan gidan. Duka kyaututtukan biyu a kan kiɗan Polan aka same su.

Jacek Kaspszyk ya biyo baya zuwa 2019, Andrey Boreyko zuwa 2024, yanzu Krzysztof Urbanski ne, wanda ya taɓa zama mataimakin Wit kuma ya saba jagoranci da ka ba takarda a gabansa. Ma'aikatar al'adu ke ɗaukar nauyin gidan, manyan tarukansa daren Juma'a da Asabar ne, akwai kuma na yara. Mai son ji daga nan, Cibiyar Chopin tana ajiye bidiyon zagayen ƙarshe na gasar a YouTube kyauta. A sauke shi da dare lokacin da data ke araha, a rage ingancin hoto, sautin ake nema. Kada a saurara da lasifikar waya: sautin da ya fi kauri a kwantirabas mai tsirkiya huɗu girgiza 41 ne a daƙiƙa, lasifikar waya ba ta fitar da shi, sai a rasa kashi ɗaya na ƙungiyar ɗungurungum. A sa abin kunne, a ɗauki 'yan takara biyu da suka kaɗa konceto ɗaya a dare ɗaya, a gwama kashi na biyu, a bi mai basun a ji yadda yake canza tafiyarsa ga kowannensu. Gasa ta gaba sai 2030.